Makon Nomau a Kogon Kuka

A wani daji da kogi ya ratsa ta tsakiyarsa, akwai wani filin wasa da babu dabbar da ba ta san labarinsa ba. Filin Dorina ake ce masa, domin Dorina ce mai shi, ko da yake ba kowa ya taɓa ganinta gaba ɗaya ba. Kunnuwa biyu da hanci kawai ake hangowa a tsakiyar ruwa, kuma daga motsinsu ma'aikata ke gane ko ranta ya yi daɗi. A filin akwai lilo da aka ɗaure a reshen tsamiya. Akwai wani raƙumin dawa mai haƙuri da yara ke hawa kansa su sulalo ta wuyansa. Amma abin da ke kawo dabbobi daga nesa shi ne Gangaren Santsi, wani dogon tudu da aka shafe da laka. Za ka zauna a ƙolinsa a tunkuɗo ka, kafin ka gama ihu ka ji ka tsundum a cikin kogi. A wancan zamani, ƙoƙon gyaɗa ɗaya za ka ba mai gadi a bakin ƙofa, ka shiga ka hau abin da ka ga dama har rana ta faɗi.

A gefen filin akwai wata tsohuwar kuka mai koguna da yawa. Dorina ta sa aka share su, aka shimfiɗa busasshiyar ciyawa, aka fara sayar da su ta wata hanya da dajin bai saba gani ba. Ba kogon ake sayar maka ba, mako guda ake sayar maka a cikinsa, kowace shekara, har iyakar ranka da na 'ya'yanka. Kogo ɗaya sai ka iske masu shi sun cika dandali, kuma kowannensu idan zai yi maganarsa sai ya ce "kogona".

Nomau burgu ne mai rufin asiri, wanda rumbunsa ba ya rabo da gyaɗa. Ranar da aka yi shela cewa duk wanda ya zo ya saurari bayanin kogunan za a ba shi gasasshen rogo kyauta, sai ya ce wa matarsa Tabawa zai je ya ci rogon ya dawo.

"Rogon kawai, Malam?"

"Rogon kawai. Ni za a yi wa daɗin baki? Ko ɓawon gyaɗa ba za su gani ba."

Ya dawo da la'asar da guntun rogo a hannu, yana murmushi irin na wanda ya yi abin kirki amma yana tsoron faɗa. Tabawa ta dube shi sau ɗaya, ta tambaye shi nawa ne. Ya ce ai ba kashewa ya yi ba, ajiya ce. Ta sake tambaya. Ya ce rabin rumbu, sai kuma ɗan abin da ba a rasa ba duk shekara, wanda suke kira gyaɗar shara.

"Wato ka sayi ɗakin da ba za ka kwana a ciki ba sai an ce lokacinka ya yi, kuma kai za ka biya mai share wa wasu."

"Makon bayan girbi na zaɓa mana," in ji Nomau. "Shi ya fi tsada."

"Madalla," in ji Tabawa, ta ci gaba da tankaɗe.

Duk da haka shekarun da suka biyo baya sun yi daɗi, kuma ko Tabawa ba ta musa wannan, sai dai ba ta faɗa. 'Ya'yansu sun girma sun watse, wani ya yi rami a gindin dutse, wata ta yi aure a hayin kogi, wani ya bi gonakin mutane ba a jin labarinsa sai jefi-jefi. Amma da an gama girbi, ba sai an aika wa kowa ba, duk za su hallara a gindin kuka da 'ya'yansu da ƙullin guzurinsu. Kogon ba shi da faɗi, ana kwana wani kan wani, ana faɗa a kan wanda ya taka wutsiyar wani. Shi Nomau bai taɓa hawa komai a filin ba. Ya ce wasan yara ne. Aikinsa shi ne zama a bakin kogo da safe, masu wucewa suna cewa, "Barka da hutawa, mai kogo," yana amsawa da ƙasaita. Ita kuwa Tabawa, duk shekara idan za a auna gyaɗar shara, sai ta yi mita tun daga ƙoƙon farko har na ƙarshe, sannan ta ɗaure buhun da kanta don kada ta zube a hanya.

Ana nan sai wata shekara aka iske an raba hanyar hawa Gangaren Santsi gida biyu da igiya. Zalɓe, wanda shi ne kakakin Dorina, ya yi bayani cewa an lura wasu baƙi ba sa son jira, don haka an buɗe musu gajeren layi, su ba da ɗan ƙari su wuce gaba. Wanda ba ya so babu tilas, tsohon layi na nan kyauta kamar yadda yake. Gaskiya ne yana nan, sai dai ya daina tafiya. Shekara ta gaba aka ja igiya a lilo, aka ja a wajen raƙumin dawa. Daga nan kuma farashin ya koyi motsi: in fili ya cika ya hau, in fili ya ragu ya tsaya inda ya hau.

Shekarar da abin ya kai Nomau bango, jikokinsa sun shiga tsohon layi tun hantsi. Rana ta take, ta karkata, suna nan kusa da inda suka fara, suna kallon 'ya'yan wasu suna wucewa ta gefensu jiƙe da ruwa suna dariya. Babbar cikinsu, Kyauta, wadda ke wasan jika da shi tana kiransa angonta, ta dawo bakin kogo ƙafafu duk ƙura.

"Ango, ashe kogon ne naka, gangaren na wasu ne?"

Nomau ya yi dariya don maganar wasa ce, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ya shiga ciki ya kwance guzurin komawa gida, ya kai wa mai igiya. Aka ba yaran hawa ɗaya ɗaya. Suka sulalo, suka faɗa ruwa, suka fito suna cewa a sake, ya ce musu yamma ta yi. A hanyar gida kowa ya sha ruwa ya ɗaure ciki. Tabawa ba ta ce uffan ba tun daga kuka har ƙofar raminsu, kuma wannan shirun ya fi duk mitar shekarun baya tayar masa da hankali. Kafin su isa ya yanke shawara a ransa: zai sayar da makon, ya huta, ita ma ta huta.

Ba shi kaɗai abin ya dama ba. Da rani ya shiga, masu rabo a kuka suka kira taro a inuwarta, aka gayyaci Zalɓe ya zo ya ji da kunnensa. Beguwa Lantana ce ta fara miƙewa, ƙayoyinta a tsaye, har na kusa da ita suka ɗan matsa.

"Jama'a, ni ba mai dogon zance ba ce. Ranar da aka sayar mini da makona, an kama hannuna an kai ni ƙolin gangaren nan, an ce, 'Lantana, duk abin da kike gani naki ne da 'ya'yanki.' Na duba, na ga kogi, na ga lilo, na ga raƙumin dawa, na yarda. Yau na gane abin da ake nufi: ganin ne nawa. Na biya kuɗin kogo, ina biyan na shara, ina biyan na ƙofa, yanzu kuma in biya na layi. Saura me? Na faɗawa ruwa? Na fitowa daga ruwa? Shawarata ita ce mu haɗa kai mu sayar gaba ɗaya, rana ɗaya, mu bar wa Dorina kukarta ta kwana a ciki in za ta iya shiga."

Aka yi shewa, aka buga ƙasa. Sai wata murya ta sauko daga reshe. Hankaka ne, dillalin da masu rabo ke ba makonninsu ya sayar idan sun gaji.

"Allah ya huci zuciyar Lantana. Tambaya ɗaya gare ni. In kowa ya sayar rana ɗaya, wa zai saya? Ina da makonni a hannuna tun bara, har da na damina wanda kogon ke yoyo. Tayi mafi kyau da na samu shi ne na wani ɓera, ya ce zai karɓa in an ɗora masa ƙoƙo biyu a kai don wahalarsa."

Shewar ta mutu.

Kurege Jatau ya yi tsalle ya hau saiwa. Shi mai lissafi ne, kuma yana son a san haka.

"'Yan'uwa, kuna kallon abin ta inda bai kamata ba. Wanda ba shi da rabo a kuka, in ya zo fili, haya yake kamawa. Hayar nan ta ninka. Mu ba ma biyan ta. Ke nan duk lokacin da aka ƙara farashi, abin da muka tsira da shi ƙaruwa yake yi. In suka ninka, mun ci riba biyu. In suka sake ninkawa, mun ci huɗu. Ni a lissafina, babu shekarar da na samu kamar bana, kuma in Dorina ta ci gaba a haka, nan gaba kaɗan dukanmu attajirai ne."

Wasu suka gyaɗa kai, don maganar ta yi musu daɗi ko da ba su bi ta ba. Makonni uku Jatau ya saya, kuma maƙwabtansa sun lura tun bara ya fara yabon amfanin cin ganye ga lafiya.

Daga can baya Kunkuru Shekarau, dattijon taron, ya ɗago kai a hankali.

"Ni na biya na gajeren layi," in ji shi. "Aka buɗe mini igiya, aka ce in wuce. Na wuce. Kafin in isa ƙoli, waɗanda na bari a dogon layi sun hau, sun sauko, sun bushe. Ba ƙara na kawo ba. Na ce dai a sani."

Sannan aka ba Zalɓe dama. Ya tako a natse, ya gyara fukafukai, ya yi sallama.

"Masu girma masu rabo, uwar ɗakina Dorina ta ce in gaishe ku, in faɗa muku cewa ba ta ɗauke ku abokan ciniki ba, iyali ta ɗauke ku. Ta ji kukanku tun kafin ku yi shi. Ina so in gyara wata 'yar fahimta: ba a ƙara wa kowa kuɗin wasa ba. Wasa kyauta ne ga duk wanda ya shigo ƙofa, jiya da yau. Abin da muke sayarwa lokaci ne, kuma ku da kanku shaida ne cewa lokaci ya yi tsada a ko'ina. Da kowa dole ya jira. Yanzu mun ba ku zaɓi. Wanda ya zaɓi ya jira, muna girmama zaɓinsa, har mun ƙara tsawon igiya don ya samu wurin tsayawa. Game da sayarwa kuwa, babu mai hana kowa. Sai dai zai yi mana ciwo mu ga ɗan gida ya koma baƙo, yana hangen kogonsa daga waje, wani yana shanya a bakinsa."

Ya koma gefe. Babu wanda ya tafa, don duk abin da ya faɗa an san akwai inda ya karkace, amma ba a ga wurin kamawa ba.

Nomau ya miƙe.

"Ni dai zan sayar," in ji shi. "Ko a nawa ne. Ni na jawo wa iyalina, tun ranar da na zo cin rogo. Hankaka, in ɓeran nan yana nan..."

"Zauna, Malam."

Tabawa ce. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da ita wajen aunar gyaɗar shara ya san ra'ayinta, don haka aka gyara zama a ji yadda za ta ƙarasa Zalɓe.

"Lantana ta yi gaskiya," in ji ta. "Cutarmu ake yi. Jatau, lissafinka ya yi kyau, Allah ya sa ka ci daga cikinsa. Kai kuma Zalɓe, ka gaya wa uwar ɗakinka ina gaishe ta, kuma ka gaya mata na sani. Ba ruɗa ta aka yi ba, ido buɗe nake biya. Wannan kawai nake so ta ji. Amma ba zan sayar ba. Ina da ɗa a gindin dutse wanda in na aika masa ba ni da lafiya sai ya aiko da gaisuwa. Ina da 'ya a hayin kogi da kullum ruwa ya yi yawa. Na yi suna sun ba da uzuri, na yi biki sun ba da uzuri. Makon nan kaɗai ne ba sa ba da uzuri, domin an riga an biya, kuma jinin gidanmu ba ya iya ganin abin da aka biya ya tafi a banza. Da ƙyar na samu abin da ke tara mini su. In na sayar, a ina zan sayi wani? Mijina ya yi wauta ranar da ya sayi makon nan, na faɗa masa, kuma zan ci gaba da faɗa masa duk shekara. Amma wautar ta riga ta zama tamu, ba zan ba ɓera ita har da ƙoƙo biyu a kai ba."

Ta zauna. Nomau ya matso kusa da ita ya ce a hankali, "Ashe kina so."

"Ban ce ina so ba. Na ce ba zan sayar ba."

Taron ya ƙare yadda taro ke ƙarewa. Aka naɗa kwamiti ƙarƙashin Lantana ya kai koke bakin kogi. Suka je suka yi jawabi mai zafi ga kunnuwa biyu da hanci, kunne ɗaya ya motsa, Zalɓe ya fassara. Dorina ta amince a rage wa masu rabo 'yan ƙwayoyi daga kuɗin gajeren layi, kuma a ba kowannensu jan ganye ya rataya a wuya don a san shi ɗan gida ne. Lantana ta dawo ƙayoyinta a kwance, ta ce an yi nasara. Babu wanda ya sayar.

Da girbi ya zagayo, iyalin Nomau suka hallara kamar kullum. Rangwame abu ne da ba a bari ya wuce, don haka duk mai jan ganye ya sayi gajeren layi. Baƙi da suka ga haka su ma suka saya, kada a bar su a baya. Da hantsi gajeren layin ya miƙe daga gindin gangare, ya zagaye tsamiya, ya wuce kuka. Nomau na tsakiyarsa da ganyensa a wuya, ya kama wa jikoki wuri. Gabansa Jatau ne yana bayyana wa wani baƙo yawan abin da ya tsira da shi.

Tabawa ta zo kawo masa ruwa, sai idonta ya faɗa ɗaya gefen igiyar. Tsohon layin ba kowa, har ciyawa ta fara tsirowa a kansa. Ta je wajen birin da ke tsaron igiya.

"Ɗan nan, an rufe wannan ne?"

"A'a, Inna, a buɗe yake. Ba mai shiga ne kawai."

"Nawa ne?"

"Kyauta ne, Inna."

Ta yafito jikokinta. Suka bi ta cikin ciyawar a guje, suka hau ƙoli, suka sulalo, suka fito, suka sake komawa. Dogon jerin masu jan ganye suka bi su da kallo. Wani ya ce ai wannan layin marasa hali ne. Wata ta ce ita da ta riga ta biya ba za ta bar wurinta ba. Babu wanda ya tsallaka igiya.

A zagaye na ba-a-san-adadi ba, Kyauta ta zo ta kama hannun kakanta, jikinta na ɗigar ruwa.

"Ango, taso."

"Na biya nan, amarya."

"To ka biya. Taso."

"Ni ba na hawa. Wuri na kama muku."

"Malam," in ji Tabawa daga hayin igiya, "yaran sun hau har sun gaji. Wa kake kama wa wurin?"

Ya duba gaba, ya duba baya, ya ga maƙwabta na kallonsa. Sai ya cusa jan ganyen cikin gashin ƙirjinsa, ya sunkuya ta ƙarƙashin igiya. A ƙolin tudu ya leƙa ƙasa, ya ga kogin ya koma kamar zare, nan take ya tuna yana da ciwon baya. Bai gama faɗa ba jikoki suka haɗu suka tunkuɗa shi. An ji ihunsa har gindin kuka, kuma waɗanda suka san shi sun ce ba su taɓa zaton yana da murya haka ba. Ya faɗa ruwa, ya nutse, ya ɓullo yana tari, laka har kunne. Tabawa na tsaye a bakin gaɓa, ta riƙe ciki don dariya.

"Yaya, mai kogo?"

Ya share fuska, ya yi numfashi, ya dubi tudun.

"Ashe abin da ake ta biya ke nan," in ji shi. "Ke ba za ki hau ba?"

Ta ce Allah ya kiyaye, ita da girmanta. Sau biyu ta hau kafin la'asar.

Can a bakin ruwa Zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya, ya karkata kai, yana kallon iyalin suna hawa suna sauka. Ya daɗe a haka. Da suka zo wucewa ya gaishe su da fara'a, har ya tambayi sunayen yaran.

Kafin makonsu ya ƙare, aka wayi gari an nome ciyawar tsohon layin tas, an kafa masa rumfa, an dasa furanni dama da hagu, an ajiye ƙoƙon awon gyaɗa a bakinsa. Duk wanda ya wuce ya yarda cewa ya yi kyau ƙwarai.